Gangar Sumire Tana Yoyo

Tun kafin Sumire ta ga fuskarsa ta san abin da ya ci jiya.

Tana zaune a ɗakin ɗanɗano da safe, ƙananan kofunan gilashi saba'in jere a gabanta, kowanne da wuskin ganga daban. Ta kai na sha tara hancinta ke nan ƙofa ta buɗe, wari ya riga mai shi shigowa. Ta ajiye kofin, ko waiwayawa ba ta yi ba.

"Wa ya ci tafarnuwa ya shigo min nan?"

"Ni ne," in ji wata murya daga bakin ƙofa. "Amma fa tun jiya da rana ne."

"Da yamma dai. Taliya ka ci a tashar jirgi, ka sa aka ƙara maka tafarnuwa, sannan ka tauna cingam don ka ruɗi mutane."

Sai a lokacin ta juyo. Dogon saurayi ne, ya ɗaure kansa da farin tawul, tafin hannunsa duk kanta, ya saki baki yana kallonta. Shi ne Gaku Nishibe, sabon mai haɗa ganguna da aka ɗauko daga tsibirin Hokkaido, can arewa, bayan tsohon ya gaji ya ajiye guduma. An turo shi ya gaida masu haɗin wuski, ba wanda ya tuna ya gaya masa dokar ɗakin.

Ya rusuna har sau biyu yana ja da baya. "A gafarce ni, ranki ya daɗe. Gaisuwa na zo yi."

"Ka gaisar, na amsa. Bar ƙofar a buɗe iska ta shiga, ka kashe min aikin safiya."

Ya fita, sai kuma ya sake leƙo da kai. "Cingam ɗin na lemo ne ko na na'ana'a?"

"Na'ana'a."

Ya tafi yana dariya har ana jiyo shi a tsakar gida. Ita kuwa ta haɗe rai sai da ya ɓace, sannan ta kama kanta tana yi wa kofi murmushi. Ranar sau uku tana komawa layin kofunan daga farko, kuma ba tafarnuwa kaɗai ta hana ta aiki ba.

Duk wanda ya tashi a kwarin nan namu ya san gidan Kurihara. Kakan Sumire ne ya kafa tukwanen tagulla na dafa wuski a bakin rafi, mahaifinta Sohei ya gaje shi, ita kuma tun tana 'yar shekara goma take zama gefensa tana shinshina kofi. Mai haɗi a gidan ba ya shafa turare, ba ya cin yaji ko albasa, sabulun wankansa ma marar ƙamshi ne. Abincin rana kullum iri ɗaya, taliya da ɗan romo, don kada harshe ya sauya. A haka Sumire ta kai shekara ashirin da bakwai. Samarin gari kuwa tuni suka ja jiki, don ba kowa ke iya zance da budurwar da za ta gaya maka duk inda ka biya kafin ka zo ba.

Washegari Goggo Tomie, ƙanwar mahaifinta mai girkin ma'aikata, ta ja ta gefe a kicin.

"Kin ga baƙon nan naku? Farar shinkafa ya ce in zuba masa da gasasshen kifi, ba komai a kai. Na ce ba ka da lafiya ne? Ya ce likita ta hana shi tafarnuwa. Na ce wace likita? Ya ce wata mai kofuna saba'in."

"To ni ina ruwana, Goggo?"

"Ai ban ce da ruwanki ba, 'yar nan. Kunnenki ne dai na ga ya yi ja."

Daga nan kwanciyar hankalin Sumire ta ƙare. Rumfar ganguna tana can bayan sito, amma ƙarar gudumar Gaku har ɗakinta take isa, kuma cikin mako guda ta haddace bugunsa: uku da sauri, ɗaya a hankali. In gudumar na tashi ta kasa aiki don tana saurare, in ta yi shiru ta kasa aiki don tana son sanin dalili. Ta tashi, ta zauna, ta buɗe taga, ta rufe. Yarinyar da rabonta da rumfar nan shekara uku, sai ga shi kullum tana da abin da za ta je dubawa.

Rannan ta same shi yana fere wani katako mai ruwan zuma. Ya miƙa mata gutsure ta shinshina.

"Mizunara ne, daga dajinmu," ya ce. "Ɗan taurin kai ke nan. Sai ya shekara ɗari biyu a sare shi, a shanya shi shekara uku, ka sha wahala ka haɗa ganga, ya saka maka da yoyo. Wuskin da aka zuba masa kuwa, shekarun farko ko maƙiyinka ba za ka ba shi ba. Sai an haura ashirin yake sakin ƙamshinsa."

"Ni za ka koya wa ƙamshinsa? To me ya sa kuke wahalar da kanku?"

"Ni dama abu mai wuyar sha'ani nake so."

Da ya faɗi haka ba katakon yake kallo ba. Sumire ta rasa inda za ta sa idonta, sai ta ce ya biyo ta ta nuna masa wani abu.

Ta kai shi tsohon sito, can ƙurya, wurin wata ganga da aka rubuta sunanta a jiki da baƙin tawada. Al'adar gidan ce: ranar da aka haifi 'ya, a cika ganga da sabon wuski a toshe. Ba a buɗe ta, ba a juye ta, ko ɗanɗanawa ba a yi, sai ranar auren mai ita. Gaku ya durƙusa ya bi gefen gangar da tafin hannu, ya tsaya a kan zoben ƙarfe na farko, ya daɗe yana shafa shi.

"Me ka gani?"

"Ba komai. Wanda ya yi ta ya iya aiki."

Kafin furannin bazara su gama zuba sun fara musayar saƙo a waya. Shi yana kiranta 'Yar Hanci, ita tana ce masa Sarkin Tafarnuwa.

"Barka da safiya, 'Yar Hanci. Yau kwanana arba'in da ɗaya ba tafarnuwa. Mamata ta bugo tana tambaya ko wata ƙungiya na shiga. Me zan ce mata?"

"Ka ce ka faɗa hannun azzaluma. Jiya ka wuce ta bayan tagata, ƙamshin ƙonannen itace ya zauna min a ɗaki har yamma. Ban buɗe taga ba."

"Wannan ƙara aka kawo ko yabo?"

"Kai dai ka sake wucewa."

Wata Lahadi a bakin rafi, ƙafafunsu cikin ruwan sanyi, ya gaya mata yana sonta, kuma aure yake nufi. Bai iya tsara zance ba, sai da ya yi tuntuɓe da kalma sau uku. Sumire ta ce masa ta sani tun ranar farar shinkafa, ita ma kuma tun ranar ba ta da sukuni. Daɗi ya cika ta har tsoro ya kama ta, don ta san mahaifinta.

Gaku ya sa kwat ɗin da ta matse shi a kafaɗa, ya cire takalmi a ƙofa, ya durƙusa a kan tabarma gaban Sohei. Sumire tana zuba shayi. Tsohon ya saurare shi har ƙarshe.

"Kai ɗa na nawa ne a gidanku?"

"Ni kaɗai ne, ranka ya daɗe."

"To ni ba ni da ɗa namiji. Wanda zai auri Sumire shigowa gidan nan zai yi, a soke sunansa a rajista a rubuta Kurihara. Ba yau aka fara ba, ba kuma a kanka za a daina ba. Ka iya?"

Gaku ya sunkuyar da kai. A ƙasar nan miji da mata suna ɗaya hukuma ke rubuta musu, dole ɗaya ya bar nasa. Shi kuma tun kakan kakansa gidan Nishibe ke haɗa ganga, kuma in ban da shi babu mai ɗaukar sunan bayan mahaifinsa.

"Shirunka ya ba ni amsa," in ji Sohei. "Sha shayinka. Aikinka yana da kyau, ba ni da ƙorafi a kansa."

Yana fita Sumire ta dire butar shayi.

"Baba, suna ne ke haɗa wuski ko hanci?"

"Kada ki ƙara yi min maganar hanci a gidan nan."

Nan take ta yi nadama, don ta taɓa inda ke masa ciwo. Shekara biyu ke nan da wata muguwar mura ta kwantar da Sohei, ya tashi ba ya jin ƙamshin komai. Ita da Goggo kaɗai suka sani. Kullum yana zuwa ɗakin ɗanɗano ya ɗaga kofi ya lumshe ido, ya saci kallon abin da ta rubuta, sannan ya gyaɗa kai. Tsoro ne ke cinsa, gani yake gidan ubansa zai mutu a hannunsa, shi ya sa ya riƙe sunan da hannu biyu. Sumire tana tausayinsa, tana kuma jin haushinsa, ta rasa wanda za ta bi.

Kwana biyu bayan haka gudumar ta yi shiru. Ta jira har hantsi, ta je rumfa ta tarar an rufe. Goggo ce ta gaya mata ya nemi hutu ya hau jirgin asuba. Abin da ya bar mata a waya layi ɗaya ne.

"Zan je gida. Ki ba ni lokaci."

Lokacin me? Ta karanta ya fi sau hamsin bai ƙaru ba. Ga zafin watan Agusta, ga gyare sun cika kwarin da ƙara, ga waya a aljihu da take zarowa bini-bini. Ta zauna gaban kofuna ta kasa bambance na sha'ir da na masara, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta je bakin rafi ta dawo, ta share ɗakin da ta share da safe.

"Ka isa lafiya?"

"Sarkin Tafarnuwa, shiru ba amsa ba ce."

"In gudu ka yi ka faɗa min in san matsayina. Ba zan riƙe ka ba, amma kada ka bar ni a tsaye."

Saƙo goma sha ɗaya ta aika cikin kwana tara, duk an buɗe an karanta, ko ɗaya ba a amsa ba. Ta yanke wa kanta cewa ya auna ta da sunan gidansu ne ya ga ba ta kai ba. Ta yi kuka a bayan sito inda ba mai ganinta, ta wanke fuska da sabulunta marar ƙamshi, ta koma aiki.

A rana ta tara Sohei ya kawo baƙo, Takuma Sonoda, ɗa na uku a gidan wani babban dillalin kwalabe na Osaka. Mai yayye biyu a gabansa ba abin da zai rasa in ya bar sunansa, shi ya sa tsohon ya zaɓo shi. Ba mugu ba ne, yana da fara'a da ladabi, ya zo da tsarabar kek. Sai dai ya yi wanka da turare kamar mai zuwa ɗaurin aurensa. Goggo ta yi atishawa uku a jere ta raɗa wa Sumire, "Wannan in ya shiga ɗakinki sai an yi wata guda ana shanya bango." Sohei kuwa yana tafe kafaɗa da kafaɗa da shi, bai ji komai ba.

Tsohon ya ce a je a nuna wa baƙo gangar amarya. Sumire tana biye da su tana jan ƙafa, har suka kai ƙofar tsohon sito. Nan ta tsaya cak. A ƙarƙashin turaren Takuma akwai wani ƙamshi, na turaren wuta da kwakwa da tsohon itace, kuma ya yi ƙarfin da bai kamata gangar da ke toshe ta yi ba.

Ta ture su ta ruga ƙurya. Ƙasan gangarta ya jiƙe ya yi baƙi, ɗigo yana fitowa ta bakin murfin katako yana sauka ɗaya bayan ɗaya. Zafi ya sa wuskin ya kumbura ya samu hanya.

"Baba, tana yoyo!"

"Kai, wannan ƙamshi!" in ji Takuma yana shaƙar iska. "Ai ko wanda hancinsa ya mutu ya ji wannan."

Da zuciya ɗaya ya faɗa, bai san abin da ya taka ba. Sohei yana tsaye, takalminsa a cikin jiƙar, fuskarsa ta yi fari. Takuma ya ba da shawara a juye wuskin a tankin ƙarfe kafin ya ƙare. Tsohon ya ce ba a juye ta sai ranar aure. Takuma ya yi murmushi ya ce to ai sai a matso da ranar.

"Ka yi haƙuri, bawan Allah," in ji Sumire. "Ba laifinka ba ne, amma ba da kai za a buɗe gangar nan ba, ko da za ta tsiyaye tas."

Ta fita waje, ta zaro waya, ta ajiye fushi da girman kai, ta rubuta wa Gaku kalma uku.

"Gangata tana yoyo."

Ko minti ɗaya ba a yi ba wayar ta yi ƙara.

"Ta ina? Gefe ko murfi?"

"Murfi, dab da zoben farko."

"Ku miƙar da ita tsaye, wajen yoyon a sama. Kada kowa ya buga mata komai. Gobe da hantsi ina nan."

Ta tsaya tana kallon wayar, ba ta san ko ta rungume ta ko ta jefa ta rafi ba. Takuma ya fahimci abin da ake ciki, ya yi sallama cikin mutunci ya bi jirgin yamma.

Da hantsi Gaku ya iso, ido ya faɗa, riga duk ta yamutse, da damin busasshiyar ciyawar kacalla a hammata da wata tsohuwar guduma. Ya rusuna wa Sohei, ya kalli Sumire sau ɗaya, ta kau da kai. Ya zagaya gangar yana ƙwanƙwasa ta da ɗan yatsa yana kasa kunne. Sannan ya fara buga zoben farko ta ƙasa a hankali har ya zame ya fito.

A inda zoben ya rufe shekara ashirin da bakwai katakon yana nan fari tas. A kansa akwai tambarin wuta, ƙarami kamar kan babban yatsa. Sohei ya sa tabarau ya sunkuya ya karanta: Nishibe, da shekarar da aka haifi Sumire.

"Wannan fa?"

"Aikin mahaifina ne, ranka ya daɗe. Tun ranar da ta nuna min ita na gane hannunsa."

"A wurin dillali na saye ta, ban taɓa tambayar wanda ya yi ba." Tsohon ya ɗago. "Me ya hana ka faɗa ranar da ka zo neman aure?"

"Mu a gidanmu a ƙarƙashin zobe muke sa suna. Ba don a gani ba ne. Don in ta yi yoyo a san wanda za a zarga ne."

Ya juya ga aikinsa. Ya tsaga kacalla siriri ya cusa a tsagar da bakin wuƙa, ya fere tsinken mizunara uku ya toshe kafofin da itacen ke gumi, ya mayar da zobe. Gudumar ta tashi, uku da sauri, ɗaya a hankali, Sumire ta ji hawaye na neman zubo mata. Suka kwantar da gangar, ya goge wurin da tawul ɗin kansa, su huɗu har da Goggo suka zuba ido. Minti goma suka wuce, ashirin suka wuce, katakon yana nan a bushe. Sumire ta durƙusa ta kai hancinta dab da murfin.

"Ta tsaya," ta ce.

Sai Gaku ya gurfana a kan simintin sito, ya zaro wasiƙa daga ƙirjinsa ya miƙa wa Sohei da hannu biyu.

"Kwana tara na yi ina roƙon mahaifina ya yarda in bar sunansa. Jiya da safe ya yarda. Ranka ya daɗe, a rubuta ni Kurihara." Ya juyo ga Sumire. "Na karanta saƙonki duka. Ban amsa ba don ba ni da abin da zan ce miki sai na samo wannan. Na yi wauta, ki yafe min."

Sohei ya buɗe wasiƙar. Layi biyu ne da rubutun tsoho mai rawar hannu: "Na ba ku ɗana, ku riƙe shi amana. Sunanmu dama ya saba zama a inda ba a ganinsa."

Ya karanta sau biyu, ya ninke takardar yadda ta zo. Sannan ya buɗe baki.

"Shekara biyu ke nan ba na jin ƙamshin komai. Jiya gangar 'yata tana zuba a kan takalmina ban sani ba. Duk kwalbar da ta fita gidan nan cikin shekara biyun nan hancin Sumire ne, sunana kawai aka liƙa a jiki. Yau kuma na ga abin da na ajiye mata tun tana jaririya katakon ubanka ne ya riƙe min shi. Ni ina nan ina gadin takardar jikin kwalba." Ya miƙa wa Gaku wasiƙar. "Mayar wa ubanka. Ka ce na gode, amma ba ni zan kashe sunan nan ba. Kwalba ta riƙe Kurihara, ya ishe ta. Sumire ta ɗauki naka. Kujerata ta ɗakin ɗanɗano kuma daga gobe tata ce, zan faɗa a gaban ma'aikata da bakina."

"Baba..." Sumire ta kama hannunsa ta kifa goshinta a kai, kukan da take ɓoyewa a bayan sito ya ƙwace mata a gaban kowa.

"To madalla," in ji Goggo tana share ido da gefen atamfar girkinta. "Da na san yoyo ne maganinka, Yaya, da tun bara na sa ƙusa na huda ta."

A hanyar fita Sumire ta tare Gaku a bakin ƙofa.

"Saƙo goma sha ɗaya ba ka amsa ba. Ganga kuwa minti ɗaya."

"Ita ganga na san yadda ake gyara ta, 'Yar Hanci. Ke ce nake tsoro."

"Gara ka ci gaba da tsoron." Ta matso ta shinshini kafaɗarsa. "Kwana tara a gidan mamarka ba ka ci ko ƙwayar tafarnuwa ɗaya ba?"

"Ta yi fushi da ni ƙwarai."

An ɗaura auren a watan Nuwamba, ganyen kwarin duk ya yi ja, a ɗakin bauta na kan tudu. Da aka dawo gida Sohei da tsoho Nishibe, wanda ya zo da sanda daga Hokkaido, suka kama guduma ɗaya suka cire toshiyar gangar. Abin da ya rage a ciki bai kai rabi ba, shekaru sun sha nasu, yoyo ya sha nasa. Aka zuba kofin farko aka miƙa wa amarya.

Sumire ta kai shi hancinta ta daɗe. Mahaifinta ya matso kusa da ita, a gaban jama'a, ba kunya ba ɓoyo.

"Gaya min abin da kike ji, 'yata."

"Turaren wuta, Baba, irin wanda Mama take kunnawa da safe. Sai zuma, sai busasshen lemo. Can ƙasa kuma akwai ƙamshin rigarka in ka dawo daga sito ka ɗauke ni."

Tsohon ya lumshe ido ya gyaɗa kai, wannan karon ba tare da satar kallon takardar kowa ba. Ya kurɓa, ya miƙa wa surukinsa.

A tsakar gida akwai sabuwar gangar mizunara babu komai a cikinta, wadda Gaku ya haɗa da katakon da mahaifinsa ya kawo gudummawa. Ba wanda ya tambayi ranar da za a cika ta, Goggo ce kawai take zagaya ta tana ƙirga watanni da yatsu. Sumire ta shafa zoben farko ta dubi angonta.

"Sunan wa ke ƙarƙashi?"

"Namu, ni da ke. In ta yi yoyo a zarge mu tare."

Tsofaffin biyu suka ɗaga kofunansu. Tsoho Nishibe ya ce Allah ya haɗa kansu yadda ba ruwan da zai samu hanya tsakaninsu. Sohei ya ce Allah ya ba su zaman lafiya da zuri'a mai albarka, ya kuma ba shi tsawon ran da zai ga an cika wannan gangar. Jama'a suka amsa da amin, mu ma da muke wurin muka amsa, Goggo kuma ta fito da taliyar ango, wadda amarya da kanta ta ce a cika mata tafarnuwa, na yau kaɗai.